Saƙar Farko ta Shekarau

Ku zauna ku yi shiru, ga ta nan ta zo muku.

Shekarau ya gaji amyoyin ubansa a kan itatuwan ɗorawa, kuma da zuma gidansu ke ci tun kakanni. Ranar da ya fara hawa shi kaɗai, ƙudan zuma ya harbe shi a wuya. Kafin ya sauko fuska ta kumbura, maƙogwaro ya fara toshewa. Yayansa Barau ya goya shi da rawani, ya hau babur, bai tsaya ba sai asibitin birni. Likita ta ce da sun ƙara jinkiri, da gawa ya kawo.

Aka ce masa ya bar zuma har abada. Ya koma gida ya zauna jugum. Ƙanwarsa Tabawa ce ta ƙi yarda. Ta koma ta tsare likita da tambaya har ta yi mata bayani: akwai masu gadi a cikin jinin mutum, na Shekarau kuwa masu zafin kai ne, ɗan dafi kaɗan sai su tashi su rushe gidan da suke tsaro. Sai dai a riƙa nuna musu dafin ta allura, ƙanƙani, ana ƙarawa sannu a gaban likita, har su saba su daina tashi. Kamar karen gida ne da mai tallar nono: yau haushi, gobe haushi, wata rana ko kai ba ya ɗagawa. Ashe Shekarau na tsoron allura.

"Yaya, ƙato da kai?" in ji Tabawa. "Tashi mu tafi, ko in kira yara su yi kallo."

Haka ta yi ta jansa asibiti ana yi masa allurar, rani da damina.

Duk tsawon lokacin nan abokinsa Jatau, manomin da bai san kan zuma ba, shi ke hawa yana gyaran amya, yana korar cinnaka, yana shan harbi har ido ya rufe, don kada ƙudan su yi ƙaura.

Da likita ta ba da izini, Shekarau ya hau. Ƙudan zuma ya harbe shi a hannu. Ya duba, ɗan kumburi kamar cizon sauro! Ya ƙyalƙyale da dariya a saman itace, mata suka ɗauki guɗa. Ya sauko da saƙar zuma ta farko tana ɗiga, ita kuwa a gidansu ba a gutsura ta, mutum ɗaya ake miƙa wa. Ga su su uku a gindin ɗorawa: Barau, Tabawa da Jatau.

Kada wanda ya ce mini duk sun yi ƙoƙari, na sani. A hannun wa zai sa ta?