Ramin Yumɓun Tabawa

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wasu mata magina tukwane, su goma sha biyu, waɗanda ba su da wurin ɗibar yumɓu sai rami guda da suka gada. Babbarsu wata tsohuwa ce, Tabawa. Al'adarsu kuwa, tukunyar da ta fashe wajen gashi ba a kai ta juji; ramin ake mayar wa tsingaronta, wai a rama wa ƙasa abin da aka ɗiba.

Ana nan sai wani attajiri, Alhaji Tanimu, ya sayi gonar da ramin ke ciki, ya kewaye ta da ƙaya. Ba yumɓun ne ya dame shi ba, shi dai ya tsani ganin sawun talaka a abinsa. Tabawa ta kai ƙara, aka yi ta yawo da hankalinta har damina uku, kafin maganar ta isa gaban alƙali Malam Ilu.

Alhaji ya ce ya sayi gona da duk ƙasar da ke cikinta, shaidu suka tabbatar. Alƙali ya ga ciniki ya halatta, zalunci kuma ga shi a fili. Sai ya sa aka haƙa ramin a gabansa. Duk saran fartanya sai tsingaro ya fito, Tabawa na ɗauka tana gane mai shi ta zanen farcen da ke jiki: wannan na uwarta, wannan na kakarta.

Alƙali ya ce, "Alhaji, ƙasa ka saya, kuma taka ce. Amma abin da hannu ya gina, wuta ta gasa, ya zama dukiya, ba a kuwa sayar maka da ita ba. Ko ka tsince musu kayan iyayensu kaf, ko ka bar musu ramin."

Alhaji ya leƙa, ya ga zurfin gaba uku duk tsingaro ne, ya ce a cire ƙayar.

Tabawa ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, an yi gaskiya. Amma mu goma sha biyu muka kawo ƙara. Huɗu sun rasu, sauran yunwa ta kora su tallan robobi. Ni kuwa dubi hannuwana."

Ta ɗaga su, suna ta karkarwa don tsufa. Alƙali ya sunkuyar da kai. Abin baƙin ciki, ko tulu ba a sake ginawa a garin nan ba.

Mai hukunci dai ya hanzarta, don yana iya mayar wa magini raminsa, amma ba ya iya mayar masa da hannunsa.