Wuƙar Sarki a Miyar Kuɓewa

An ce wani sarki ya yi mulki a wata ƙasa ta bakin kogi, mutum ne mai adalci daidai gwargwado, sai dai yana da aibi guda: duk dabarar da ta fito daga kansa, gani yake tun da aka halicci duniya ba a yi irinta ba. Wata rana wani falke ya kawo masa gaisuwar wuƙa mai ninkewa, wadda ruwanta ke shigewa cikin ƙota. Sarki ya wuni yana buɗewa yana rufewa. Kashegari ya zana tasa, ya ce ƙotar ta zama ta ƙaho, a goge ta sumul, a yi ɗan gurbi inda za a sa farce a jawo ruwan.

Aka kira Shekarau, tsohon maƙerin garin, aka nuna masa zanen. Kallo ɗaya ya yi ya ga inda matsalar take. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga yadda fuskar sarki ke walƙiya don murna, ya haɗiye maganarsa ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Shi da sauran maƙera suka ƙera, aka karɓe wuƙaƙen damtse na dakaru aka raba musu sabuwa.

Da damina ta yi tsaka, runduna ta zo ƙetare kogi, ruwa ya ja takarkarin da ke ɗauke da tambarin sarki, gangar sarauta. Wani dakare mai suna Arzika ya faɗa ruwa, ya kama igiyar hancin san da hagu, ya zaro wuƙa da dama don ya yanke ɗaurin ya ceci tambarin. Wuƙa ta ƙi buɗuwa. Kashegari aka tsinci san can gangare yana kiwo abinsa, tambari kuwa ko labarinsa.

Sarki ya yanke wa Arzika bulala ɗari da kora daga ƙasa. Da ya ji an ce wai dakaren yana ɗora wa wuƙa laifi, sai ransa ya ƙara ɓaci, ya ce a kira maƙerin ya ba da shaida kafin a zartar.

Shekarau ya taho fada. Ya ga Arzika durƙushe da igiya a ƙugu, kunya ta kama shi, domin ya san shirunsa ne ya durƙusar da bawan Allah nan.

Sarki ya ce, "Ya kai tsoho, kai ka ƙera ta. Laifin wuƙa ne ko na mai riƙe da ita?"

Shekarau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, ka ba ni izini in yi tambaya. Hannu nawa dakare ke da shi?"

Fadawa suka kwashe da dariya. Sarki ya ce, "Biyu mana."

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ɗayan kullum aro ne, ko linzami ya karɓe shi, ko garkuwa, ko ɗan'uwa da aka harba. To, a cikin wuƙaƙe wacce ta fi kaifi?"

"Wadda aka fi wasawa."

"Wadda ta fito lokacin da aka neme ta, ya sarki. Mu maƙera al'adarmu ce ba ma yi wa ƙarfe shaida sai an gwada shi a irin wurin aikinsa. Ba ni da ikon kawo kogi fada, amma a ba ni ƙwaryar miyar kuɓewa, da jiƙaƙƙiyar igiya, da rago mai ƙarfi."

Sarki mutum ne mai son a kalle shi yana cin nasara, don haka ya ce shi da kansa zai gwada. Waziri ya so ya hana, sarki ya harare shi. Aka naɗe masa hannun riga, ya tsoma dama a miyar, wadda Shekarau ya ce ita ce laka da santsin kogi. Aka ɗaura igiyar a ƙahon ragon, aka miƙa masa a hagu, aka ce ya yanke.

Rago ya ja, sarki ya ja. Ya ɗauki wuƙarsa, ta sulɓe ta faɗi. Aka miƙo masa, ya lalubi gurbin farce, babban yatsa ya zame. Ya matse ta a gwiwa, ta yi tsalle ta faɗa cinyar waziri. A karo na huɗu ya kai ta baki zai buɗe da haƙori, miya na bin gemunsa, rago kuwa ya riga ya sauko da shi daga shimfiɗa. Fadawa duk suka duƙufa kallon ƙasa, kafaɗunsu na rawa.

Nan Shekarau ya kwance tsohuwar wuƙar damtsensa, mai ƙota naɗe da fata mai kaushi, ya ɗaura wa sarki kuben a damtsen hagu. Sarki ya fizgo ta, sara ɗaya igiya ta rabu, ya zauna daɓas, rago ya fice ta zaure.

Shekarau ya sa goshi a ƙasa, ya ce, "Ya sarki, idan akwai mai cin bulala, ni ne. Tun ranar zanen na ga haka, tsoro ya rufe mini baki."

Sarki ya daɗe yana duban hannunsa. Can sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce, "Kai ka yi shiru, amma wa ya koya maka shirun? In za a raba bulalar nan da gaskiya, kaso mafi yawa nawa ne." Ya tashi da kansa ya yanke igiyar da ke ƙugun Arzika, ya sa aka yafa masa riga. Ya umarta a mayar wa dakaru wuƙaƙensu, mai ninkewa kuma a sake mata fasali yadda Arzika da 'yan'uwansa suka faɗa, ta zama ta yankan nama a zango.

Aka kawo ruwa zai wanke hannu, sai ya dakatar da mai zubawa, ya ɗaga hannun yana ɗiga ya nuna wa alƙalai da hakimai, ya ce, "Ku duba da kyau. Mai busasshen hannu kada ya yi gaggawar hukunta wanda nasa ya jiƙe."