Tanderun Iya Tabawa

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wani lungu cikin birnin Kano akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa mai gurasa. Tanderun da take gashi a ciki gadon uwarta ne, shekara arba'in bai yi sanyi ba sai ranar Sallah. Gida tara ne ke ci daga bakinsa. Dokar Iya guda ce: gurasarta sai ta rufe tafin hannunta biyu.

Sai zamani ya juya. Ai da ku aka yi. Fulawa kuɗinta na safe daban, na yamma daban, itace kuwa sai mai hali. Sauran masu gurasa suka yi ta rage girma, har tasu ta kusa komawa murfin kwalba. Aka ce, "Iya, ki ɗan rage mana, kowa ya rage."

Ta ce, "Ni Tabawa? Mutum ya saba ya ci guda ya ƙoshi, in cuce shi a ɓoye? Gara in kashe wutar."

Taurin kai ne, na sani, amma wallahi ina son tsohuwar nan. Wata Laraba kuwa ta kife faranti a bakin tanderu, ta shige ɗaki tana share hawaye.

To, cikin matan da ke mata aiki akwai uku da suka ƙi komawa gida su zauna, suka roƙe ta ta bar musu tanderun su gwada: Hansai mai kwaɓi, Uwani mai wuta, da Ladidi mai jera gurasa a kwando.

Hansai ta sayar da awakinta biyu, waɗanda take kiwo don kayan ɗakin 'yarta. Ta hau mota zuwa Kadawa lokacin girbin alkama, ta saya a bakin gona, ta kai inji aka niƙa. Sai dai ƙullun alkamar ya ƙi kama jikin tanderu, ana liƙawa yana faɗawa wuta. Sati uku tana sirkawa da 'yar fulawa, yau ta ƙara, gobe ta rage, mata na yi mata dariya, har ranar da ya kama.

Uwani kuma ta tafi wurin masu injin casar shinkafa, inda buntu, wato ɓawon shinkafa, ke tule ba mai so. Ta ɗebo a ka, ta cuɗa da sitacin rogo, ta dunƙula kamar fura, ta shanya a kan soro. Da farko hayaƙi kawai yake yi, har maƙwabta suka kawo ƙara. Ta kwanta rub da ciki ta faɗaɗa ƙofar iska ta ƙasan tanderun da hannunta, wuta ta taso ta lashe mata damtse. Tabon yana nan har yau. Amma daga ranar ba a sake sayen itace a gidan ba.

Gurasa ta fito, ƙatuwa kamar da, sai dai ja ce. Masu saye suka leƙa suka ce ta ƙone. Waɗanda suka so kuma aljihunsu bai kai na guda ba. Kwana huɗu tana kwantai.

Nan Ladidi ta ɗauki tire. Matar da ko tana yarinya ba ta taɓa talla ba, ta je ta tsaya a ƙofar tasha, dangin mijinta na wucewa suna kau da kai. Ta riƙa yanka gurasa gida huɗu a gaban mai saye, ta barbaɗa ƙuli da man gyaɗa. Ta ce wa wani direba, "Malam, ɗanɗana. In ba daɗi, kar ka ba ni ko sisi." Ya ci kwata, ya nemi rabi. Kafin wata ya ƙare, masu tsire da kansu suke zuwa lungu su yi layi.

Gida tara suka ci gaba da ɗora tukunya.

Bana hannun Iya ya fara rawa, ba ta iya zura shi cikin tanderu. Ta kira su ukun, ta ɗauki gurasa guda ta ɗora a tafinta biyu, gurasar ta rufe su ruf. Ta ce, "'Ya'yana, kun fitar da ni kunya. Amma tanderu a ƙasa yake gine, ba ya rabuwa uku. Mutum ɗaya ce za ta zauna a kan tabarmata, a kira gurasar da sunanta, sauran su bi ta."

Iya ta aiko wa dattawan unguwa, ni ma ina ciki, muka yini muna musu ba mu tsayar da komai ba. Gobe kuma da asuba dole wata ta liƙa gurasar farko.

To, Hansai, Uwani, Ladidi: wace ce a cikinsu za ta hau tabarmar Iya?