Sawun Rabbi da Karen Dikko

Akwai wani mutum a Urafan, tun kafin zuwan Nasara, sunansa Namadi. Yana da tumaki, yana kuma da girman kai. Cewa yake babu mai kaifin idonsa a garin.

Wata safiya aka iske ɗan tunkiyarsa a yage bayan rijiya. Namadi ya duƙa ya ga sawu, da shaidar farce ɓaro-ɓaro a rairayi.

"Kare ne!" in ji shi. "Damisa ba ta barin farce a ƙasa."

Kare ɗaya ke bin garke a wurin, na Dikko, Bafulatanin da suke kiwo tare. Dikko ya dubi sawun ya girgiza kai.

"Namadi, rabbi ne, ɗan'uwan damisa mai tsananin gudu. Farcensa ba ya shigewa, kamar na kare. Da ido yake farauta, da rana. Ka ga surin can? A kai yake zama, ya hango mu mu ba mu hango shi ba. Karen nan ke hana shi matsowa."

Namadi ya hanga, tudu kawai ya gani. "Kai Agwai, ni za ka koya wa gani? Ɓarawonka kake karewa!"

A gaban mutane ya ɗana kibiya ya harbe karen. Mata suka yi salati. Dikko ya ja mushen karensa ya tafi.

Washegari da hantsi, Dikko na gefe, Namadi na tsaye cikin garkensa, da ragon da ya yi shekara yana kiwatawa don layya. Sai kan surin ya motsa. Wata dabba siririya mai ɗigo-ɗigo, da baƙin zane daga ido zuwa baki kamar hawaye, ta zubo a guje. Kafin ya kai hannu ga kwari, ragon na ƙasa.

"Innalillahi! Dikko, kira karen—"

Bakan ya suɓuce daga hannunsa.

Dikko ya ce, "Wane karen? Rabbi ya ga abin da ka yi jiya. Daga can yake kallo."

Darasi: Ido ba ya gani in girman kai ya rufe shi. Kada ku yanke hukunci da sawu ɗaya, kuma in wanda ya sani ya yi magana, ku rufe baki ku saurara. Ku isar da wannan ga ƴaƴanku, musamman masu gaggawar hannu.