Zaren da Ba Ya Tsinkewa

Akwai iyaye a ikilisiyar nan da in sun yi wa yaro tsaraba, ba don yaron suka saya ba, don idon maƙwabta ne. Ba zan kama suna ba. Ku dai saurara.

Akwai wani mutum mai ɗa ɗaya, Gayus, ɗan shekara shida. Ran kasuwa mutumin ya je wurin wani tsoho mai haɗa jirgin leda, irin wanda yara ke ɗaura wa zare su tashe shi a iska. Da tsohon ya ji yaron bai taɓa riƙe zare ba, sai ya ɗauko ƙarami, na tsinken tsintsiya, mai doguwar jela, da zaren ɗinki. Mutumin ya ja zaren, ya tsinke. Ya yi tsaki, ya ce ɗan maƙwabcinsa ma yana da wanda ake hangowa daga bakin rafi. Ya nuna wani ƙato mai sandunan gora, da zaren masunta.

Tsohon ya ce, "Maigida, zaren nan da ka raina, don ya tsinke aka sa shi. In iska ta fi ƙarfin yaro, gara jirgin ya tafi."

"Baba, ɗana ba rago ba ne."

Ƙaton ya saya. Ran Lahadi bayan sujada ya kai yaron fili, ya tashi jirgin da kansa. Don kada yaro ya saki abu mai tsada, ya naɗa masa zaren a wuyan hannun dama, ya ƙulle tamau. Ya koma gindin ɗorawa yana nuna wa maƙwabta sama.

Farkon damina ne. Iskar hadari ta taso. Zaren sauran yara ya tsittsinke, suka yi ɗan kukansu suka ruga gida. Gayus ya buɗe hannu ya saki, amma jirgin bai sake shi ba. Ya ja shi a kan tsakuwa yana kiran babansa. Uban ya iso ba wuƙa, ƙullin da ya yi da hannunsa ya ƙi kwancewa. Kafin ya gatse shi da haƙori, zaren ya nutse cikin nama ya yanke jijiya.

Yau da hagu Gayus yake cin tuwo. Jirgin kuwa ko huji bai yi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: yaron shi ne duk wanda Ubangiji ya damƙa maka yana sabon shiga, ko ɗan cikinka, ko sabon tuba. Jirgin shi ne kayan da ka ɗora masa don a yabe ka, karatun da ba ya so, ko muƙamin da bai kai ba. Ƙullin nan kuwa shi ne "kada ka ba ni kunya". Da wannan maganar ka hana shi cewa ya gaza. Allah ba ya bari a gwada mutum fiye da ƙarfinsa, yakan buɗe masa mafita. Kai ne ka toshe ta.

Wanda bai taɓa yi wa wani wannan ƙulli ba, ya miƙe yanzu a gaban 'ya'yansa, ya ce ƙarya nake yi.