Yadda Ƙadangare Ya Faɗa Rigimar Hular Jaki

"Ga ta nan, ga ta nanku, amma sai kowa ya kife wayarsa."

"Mun kife, Iya! Ta zo mu ji ta."

To. A wani gari can bayan dutse akwai wani Ƙadangare, mai sanyin hali, ba ruwansa da hayaniya. Abokansa biyu ne tun na ƙuruciya, Kurege da Hankaka. Tsamiya ɗaya suke zaune, Hankaka a sama, Kurege a rami a gindinta. In ɗaya ya samo gyaɗa, su uku ake ci.

Wata shekara aka kafa ƙarfen sabis a kan dutse. Kowa ya sayi waya. Dila ya buɗe rumfar caji da sayar da data. Ba a jima ba sai ga wani wasa ya fito, ana ce masa Tseren Jakuna. Kana kwance a ɗakinka, jakinka na cikin waya yana tsere da na wani a can wani gari.

Ƙadangare ne na ƙarshen sayen waya. Kurege ya saukar masa da wasan, ya jefa shi gurup ɗin 'yan wasa. Ƙadangare ya buɗe, ya ga jaki tsaye da hula a ka. Ya taɓa nan, jaki bai motsa ba. Ya taɓa can, bai motsa ba. Ya girgiza wayar, jaki ya tsaya yana kallonsa.

Sai ya rubuta a gurup, "Salamu alaikum. Don Allah ina ake dannawa jakin ya tafi?"

Ko sallamar ba a amsa ba. Saƙonni ne kawai ke zubowa.

Kurege ya rubuta, "Jaki mai jar hula ya fi gudu. Wanda ya musa bai san wasa ba."

Hankaka ya rubuta, "Mai shuɗiyar hula dai. Kana cikin rami, me ka sani?"

"Ramin nawa ka zaga?"

"Da ramin da mai ramin!"

Ƙadangare ya duba jakinsa. Ya duba hular. Ya rasa abin da ya haɗa hula da ƙafa.

Kafin wata ya ƙare gari ya rabu biyu, 'yan Ja da 'yan Shuɗi. Kurege ya yi bulokin ɗin Hankaka, alhali in ɗaya ya yi tari ɗayan na ji. Dila kuwa layi biyu gare shi. Da safe ya shiga da ɗaya ya zagi 'yan Ja. Da rana ya shiga da ɗayan ya rama musu.

"Iya, shi Dila wace hula yake so?"

"Ina ruwansa da hula? Data yake sayarwa. Ku bari in ci gaba."

Ana cikin haka sai Delu, matar Ƙadangare, ta sauka. Ɗa namiji, ɗan fari. Ƙadangare ya rasa inda zai sa kansa don murna. Tun da can an yi alkawari, ran sunan ɗansa Kurege ne zai kawo gyaɗar kunu, Hankaka ne zai yi sanƙira. Sai ya tafi gayyata.

Ya fara da Kurege. Ya same shi a bakin rami da 'yan Ja, kowa ya sunkuya a kan waya.

"Angon ƙarni, barka!" in ji Kurege. "Amma tsaya. Wancan mai baƙin bakin zai zo?"

"Hankaka? Ai shi ne sanƙira."

"To, ba ni ba gyaɗa. Sai dai in ka yarda kai ɗan Ja ne. Ja ta fi gudu, ko ba haka ba?"

Ƙadangare ya tuna kunun mai jego. Ya gyaɗa kai.

"Ya yarda!" 'Yan Ja suka yi shewa, suka dama garura, suka shafe masa kai jajur.

Ya ce, "To, yanzu ina ake dannawa jakin ya tafi?"

"Bari sai anjima," in ji Kurege. "Wani nake ba amsa."

Ƙadangare ya hau tsamiya wurin Hankaka. Hankaka ya dube shi ya kau da kai.

"Abokina, har kai? Da jan kai ka zo mini?"

"Ni fa suna na zo gayyata."

"Ba na buɗe baki a gidan ɗan Ja. Sai dai in ka tuba. Shuɗiya ta fi gudu, ko ba haka ba?"

Ƙadangare ya tuna suna ba sanƙira, abin kunya a gari. Ya gyaɗa kai.

"Ya tuba!" 'Yan Shuɗi suka sure shi sai marina. Suka riƙe shi ta ka, suka tsoma jikin cikin ruwan baba. Ya fito shuɗi shar, yana atishawa.

Ya isa gida, Delu ta yi salati ta ja jaririnta. "Wane ne kai?"

"Ni ne, Delu."

"Me ya same ka?"

"Wallahi ban sani ba. Wai hular jaki ce."

"Muna da jaki ne?"

"Ba mu da shi."

"To, ka koma ka san yadda za ka yi. Ni dai ɗana ba zai rasa suna ba."

Sai ya tafi wurin Dila, tunda an ce shi ne mai dabara. Dila ya dube shi sama da ƙasa, ya danne dariya.

"Malam Ƙadangare, abu mai sauƙi. Ran suna a yi tsere a ƙofar gidanka, Kurege da ja, Hankaka da shuɗiya. Wanda ya ci, magana ta ƙare. Kowa ya zo da cikakken caji da data, ka san inda ake samu. Haka ne?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai. "Dila, kai ko ka san inda ake dannawa jakin ya tafi?"

"Ni ban taɓa buɗe wasan ba," in ji Dila. "Na gaba!"

Ran suna da hantsi gari ya cika ƙofar gida. Kurege ya zo da buhun gyaɗa, ya zauna a kai don kada a taɓa sai an gama. Hankaka ya zo, ya ce bakinsa a ɗaure yake sai an gama. Malam Kunkuru liman ya zauna a tabarma yana jira.

Kurege ya danna wasan. Waya ta ce sai an sabunta. Hankaka ya danna, ita ma haka. Duk 'yan Ja da 'yan Shuɗi suka danna, kowa haka.

Ƙadangare ya ce, "To, da me kuke wasan duk kwanakin nan?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ashe tun da aka fara musu ba wanda ya sake yin tsere ko sau ɗaya. Suna gurup suna ba juna amsa.

Aka jira, aka jira, aka jira. Wasa ya buɗe. Ga jakuna nan a jere, kowanne kansa tsirara, kunnuwa a miƙe. Ashe waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun cire hulunan tun damina.

Kurege ya dubi Hankaka. Hankaka ya dubi Kurege. Ƙadangare ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ransa yau dai an huta.

"Sun ɓata wasan nan," in ji Kurege.

"Sun ɓata shi," in ji Hankaka. "Tsohon ya fi."

Suka rungume juna, har da hawaye.

Sai Bushiya ta ɗaga murya daga baya, "Sabon dai ya fi! Ku tsofaffi ba ku san ci gaba ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce!"

Nan take gari ya sake rabuwa, 'yan Tsoho da 'yan Sabo. Dila ya lallaɓa ya koma rumfa yana lashe baki. Aka yi wa Ƙadangare zobe.

"Angon ƙarni, tsohon ya fi, ko?" Ya gyaɗa kai.

"Sabon ya fi, ko?" Ya gyaɗa kai.

"To, wanne ne?" Ya gyaɗa kai.

Malam Kunkuru ya gaji da jira. Ya yi addu'a, ya raɗa suna, ya shafa fatiha, ya ɗauki goronsa ya tafi. Ba wanda ya ji. Sai da rana ta yi tsaka, kowa ya watse neman caji, Ƙadangare ya leƙa ɗaki.

"Delu, yaushe za a raɗa sunan?"

"An raɗa tun ɗazu. Sunansa Gambo."

"Gambo kuma, ɗan fari, ba bayan tagwaye ba? Wa ya zaɓa?"

"Kai mana! Malam ya tambaye ka sau uku kana gyaɗa masa kai."

Ƙadangare ya zauna a bakin ƙofa. Can ya tashi ya tafi rafi. Ya cuɗa da sabulu, bai fita ba. Ya cuɗa da toka, bai fita ba. Ya goga jikinsa da katanga, nan ma bai fita ba.

Shi ya sa har yau in kuka ga jangwada, namijin ƙadangare, a kan katanga, kansa ja, jikinsa shuɗi, yana ta gyaɗa kai ba wanda ya yi masa magana. Tsammani yake za a sake tambayarsa. Matarsa kuwa tana nan ruwan ƙasa yadda Allah ya yi ta, don ita ba ta shiga gurup ba. Ku ma in kun tarar ana musu a kan abin wasa, kada ku gyaɗa kai ga abin da ba ku gane ba. Ku yi wasanku ku tashi.

"Iya, to wace hular ce ta fi gudu?"

"Kai, Sabi'u! Tashi ka ba ni wuri. Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, ba hula."