Juyi Biyu Kafin Makulli

Akwai wani bakanike a Apo, nan Abuja, ana ce masa Sadisu. Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya iya aiki. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kwangila na ta zuba, manyan motoci na shigowa gari kamar fara. Sadisu ya sayi na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da kanta. Shi ke nan fa, kai ya kumbura, hula ta yi masa kaɗan.

Rumfar da ke kusa da tasa ta Baba Ishaya ce, wani dattijo mutumin Kwali. A hannunsa Sadisu ya koyi riƙe sifana, amma yanzu in ya gan shi sai ya ce, "Baba Tarihi, yau ma ba kasuwa?" Ku ji rashin kunya!

Wata ranar Litinin wata mata mai suna Mashkura ta janyo wata tsohuwar Fijo 404 da igiya. Motar marigayi mahaifinta ce, Malam Datti, wadda ya yi shekaru yana jigilar 'yan kasuwar Karshi da ita.

Ta ce, "Oga Sadisu, ƙanena ya haihu a Karshi, za a sa wa jaririn sunan Babanmu ranar Asabar. Mahaifiyata, Iya Barira, idonta ya tafi, jiki ma ya ƙi. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta sunan a motar mijinta. Ban sani ba ko za ta sake fita bayan wannan."

Sadisu ya daki bonet ya ce, "Hajiya, wannan ai abin wasa ne. Ki zo ranar Alhamis."

Ya kwance injin, ya ga bawul sun cinye. Mashkura ta aika har Kano, da ƙyar aka samo guda takwas, mai shagon ya ce su ne na ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san cikin inji ba, ga yadda yake. Fistan na hawa yana sauka, bawul na buɗewa yana rufewa a samansa. Wani ƙarfe da ake kira kamshaf ke tura bawul, sarƙa kuma ke haɗa shi da juyin inji. In sarƙar ta zauna daidai, kowa na kauce wa ɗan'uwansa. In ta goce da 'yan haƙora, fistan zai hau ya tarar da bawul a hanya. Wannan saitin shi ake kira taimin.

Ranar Alhamis Sadisu na ɗora sarƙa, ya ga ɗigon jan fenti a jikin giya, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙar ke hawa, ya ɗauka alamar taimin ce, sai ya bi shi kawai. Baba Ishaya ya leƙo, ya ɗan daɗe yana kallo.

Ya ce, "Sadisu, fenti nan ba na kamfani ba ne, wani ne ya ɗiga. Mota nan tsoho ne, hannu da yawa ya shiga. Cire filogi, sa ƙarfe a rami, ka nemo inda fistan ya kai sama da kanka. In ka gama, juya inji da hannu sau biyu kafin ka taɓa makulli. Hannu yana jin abin da batir ba ya ji."

Mashkura na tsaye tana ji. Da su kaɗai ne, ƙila da Sadisu ya saurara. Amma a gaban mai mota a koya masa aiki? Ina!

Ya yi dariya ya ce, "Baba, motar miliyoyi nake gyarawa. Wannan akwalar ce za ta sa ni juye-juye kamar mai tuƙin tuwo? Je ka huta."

Baba Ishaya ya koma rumfarsa.

Sadisu ya rufe inji, ya shiga, ya murza makulli. Sai aka ji ƙas! ƙas! Injin ya tsaya cik. Da ya buɗe, bawul huɗu sun lanƙwashe kamar tsohon cokali.

Nan take ya shiga neman wasu bawul. Ya buga waya Kano, babu. Kaduna, babu. Ya ɗauko na'urarsa, amma tsohuwar motar ba ta da ko ramin da za a jona ta. Mashkura ba ta zage shi ba, wanda ya fi zagi zafi. Ta zauna a kan taya, hawaye na zuba, ta ce, "To me zan faɗa wa Iya? Tun jiya ta sa aka goge mata zani."

Sai ga Baba Ishaya da wani gwangwanin madara. Ya buɗe, ga bawul takwas sababbi ful cikin mai. A bayan rumfarsa akwai tasa 404 a kan bulo. Shekara goma sha biyar yana ajiyar bawul ɗin nan, don ranar da zai bar aiki ya tada motarsa ya koma Kwali a cikinta.

Mashkura ta ce, "Baba, taka motar fa?"

Ya ce, "Nawa zai iya jira. Mamanka ba zai iya jira ba." Ya juya ga Sadisu. "Amma kai ne za ka haɗa. Ido na ya yi rauni, hannunka ya fi nawa."

Kunya ta hana Sadisu ɗaga kai.

Ranar Juma'a tun da safe suka duƙufa. Sadisu ya cire filogi, ya zura ƙarfe, ya juya a hankali har fistan ya kai ƙarshen hawansa. Ashe jan fentin nan ya kauce da haƙora huɗu. Ya zaunar da sarƙa daidai, ya sa sifana ya juya inji da hannu. Sau ɗaya, sumul. Sau biyu, sumul.

Saura saitin wuta, wato lokacin da filogi zai ƙyasta. Baba Ishaya ya ba shi ɗan ƙwan fitila da waya biyu, ya ce ya murɗa distiributa, mai raba wa filogi wuta, sannu-sannu har ƙwan ya kama, ya ɗaure a nan. Sadisu ya yi yadda aka ce, ba musu.

Bugu ɗaya motar ta tashi.

Asabar da safe Sadisu ya tuƙo motar har ƙofar gidansu Mashkura a Karu, Baba Ishaya na gefensa. Iya Barira na tsakar gida ana ɗaura mata ɗankwali, sai ta ɗaga hannu.

"Ku yi shiru. Motar Malam ce. Wallahi haka take kuka in ya dawo daga Karshi."

Aka riƙo ta har bakin mota, tana shafa ƙofa tana kuka. Ta laluba ta kamo hannun Sadisu ta ce, "Ɗana, kai ka dawo mini da ita? Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Sadisu ya zare hannunsa a hankali, ya jawo na Baba Ishaya ya sa mata a nata.

"Iya, ga hannun nan. Ni lalata ta na yi, shi ya gyara."

Wannan ce fitar Iya Barira ta ƙarshe, kuma ta rungumi Datti ƙarami a Karshi.

Shi kuwa Sadisu wata takwas ya yi yana cigiyar bawul, har ya samo a Jos. Ya sauko da motar Baba Ishaya daga kan bulo, ya haɗa injin da kansa. Da ya gama, Baba ya miƙa masa makulli, sai Sadisu ya ce, "Riƙe tukuna Baba, ban juya inji da hannu ba."

Darasi: Kada sabon kayan aiki ya sa ka raina wanda ya koya maka riƙe na farko. Haƙurin minti biyu da jin maganar manya sun fi nadamar shekara, kuma in ka yi kuskure ka mayar da yabo ga mai shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana saurin murza makulli.